Neman gurbin horon tuƙin jirgin sama a kamfani: me masu tantancewa ke dubawa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Kyaftin. Na gama sakandare da sakamako mai kyau a lissafi da fiziks, yanzu ina shekara ta biyu a jami'a. Na ji wasu kamfanonin jiragen sama kan ɗauki matasan da ba su taɓa tuƙi ba, su horar da su har su zama matuƙa. Ina so in nema, amma ko ɗakin tuƙi ban taɓa shiga ba, kuma an ce masu nema dubbai ne. Yaya zan yi takardata ta fita daban?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Rashin shiga ɗakin tuƙi kada ya dame ka, don irinku aka yi shirin. Na daɗe ina tuƙi da koyarwa, kuma na sha zama a teburin da ake tantance masu neman irin wannan gurbi, waɗanda a bakin ma'aikata ake ce wa kadet. Kamfanin da ke buƙatar gogaggen matuƙi ya san inda zai same shi. In ya buɗe shirin kadet, mutum yake nema wanda zai kashe wa dukiya da lokacin malamai na shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, sannan ya damƙa masa kujerar dama, ta mataimakin kyaftin, a jirgi mai ɗauke da rayuka ɗari da wani abu. Shi ya sa duk matakan da za ka bi, tun daga fom har na'urar gwaji, tambaya biyu suke maimaitawa da fuska daban-daban. Wannan matashin zai koyu cikin lokacin da aka tsara? In ya yi kuskure zai faɗa da bakinsa, ko sai an gano? Ka riƙe waɗannan biyu, domin duk abin da zan faɗa maka daga jikinsu ya fito.

Gaskiya ne masu nema suna da yawa. Da British Airways ya buɗe shirinsa na Speedbird Pilot Academy a 2023, wanda kamfanin ne ke biyan kuɗin horon gaba ɗaya, mutum sama da 20,000 suka nema, gurabe kuwa 100 ne. Amma a duk zaman tantancewar da na halarta, da yawa daga masu nema tun a bakin ƙofa suke faɗuwa, saboda abubuwan da ke hannunsu: ba su cika sharaɗi ba, ko sun cika fom a gurguje, ko sun shiga jarrabawa ba shiri. Wanda ya shirya da gaske, abokan takararsa ba su kai yawan da ake tsorata shi da shi ba.

Tun kafin ka rubuta kalma ɗaya a fom, je ka ga likitan jiragen sama, wato wanda hukumar kula da sufurin sama ta amince masa ya ba da shaidar lafiya ta aji na ɗaya. Babu mai tuƙa jirgin fasinja sai da ita. A tsarin Turai, na EASA, hukumar kula da lafiyar sufurin sama ta Tarayyar Turai, gwajin farko sai a cibiya ta musamman mai rajista. Za a auna bugun zuciya, ji, gani, numfashi, jini da fitsari, a bi tarihin lafiyarka da na danginka. Na ga matasan da suka kwashe shekara suna shiri, suka tsallake jarrabawa da ganawa, sai a matakin ƙarshe aka gano ba sa rarrabe ja da kore yadda ake buƙata. Har yau in na tuna fuskokinsu raina yana ɓaci, domin wuni ɗaya a wurin likita tun farko ya isa ya sanar da su. Gwajin launi da aka fi sani shi ne na Ishihara, ɗan littafi mai shafi 24, lambobi ɓoye cikin ɗige-ɗige masu launi, ana so ka karanta 15 na farko ba kuskure. Wanda ya kasa ba a rufe masa ƙofa nan take, akwai gwaje-gwaje na gaba da suka fi wannan zurfi, su ke yanke hukunci.

Tabarau ba ya hana tuƙi, duk da yadda maganar ta yaɗu a bakin mutane. Ƙa'idar EASA ita ce a gwajin ƙarfin gani kowane ido shi kaɗai ya kai 6/9, biyun tare su kai 6/6, da tabarau ko babu. Mai cutar sikila ta SS ba ya samun aji na ɗaya a wannan tsari, mai AS kuwa da ba shi da wata matsala yakan samu. Asma, ciwon suga, tiyatar ido, suma ko farfaɗiya, kowanne da ƙa'idarsa, kuma likitan ne zai faɗa maka matsayinka. Ka kuma bincika shaidar wace hukuma kamfanin ke karɓa, don ta wata ƙasa ba lallai ta yi aiki a wata ba.

Ka faɗa wa likitan komai, har abin da kake ganin ya wuce tun kana ƙarami. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a wannan aiki kuwa ya fi ko'ina ƙurewa, tunda duk shekara za a sake duba ka har ranar da za ka ajiye aiki. Ciwon da ka bayyana sau da yawa akan sami hanyarsa: a nemi rahoton ƙwararren likita, a sa maka sharaɗi, a ba ka takarda. Wanda ka ɓoye aka gano daga baya ya tashi daga batun lafiya ya koma batun amana, kuma yana iya cinye lasisin gaba ɗaya. Haka lafiyar tunani. A Maris na 2015 mataimakin kyaftin na wani jirgin Germanwings ya kifar da jirgin da gangan a tsaunukan Faransa, mutum 150 suka rasu, bincike ya nuna ya ɓoye wa kamfaninsa halin da yake ciki. Bayan haka Tarayyar Turai ta wajabta wa kamfanoni su yi wa matuƙi gwajin halayya da tunani kafin ya fara ɗaukar fasinja, dokar ta fara aiki a Fabrairun 2021. Cewa ka taɓa neman taimako lokacin da damuwa ta yi maka yawa ba shi kaɗai ke hana mutum gurbi ba. Ɓoyewar ce ake tsoro.

Sai sharuɗɗan shiga. Karanta su layi-layi, domin a nan kwamfuta ke tace mutane kafin idon ɗan Adam ya ga takardarsu. Babban shinge shi ne ƙasa da izinin aiki: shirin British Airways na masu izinin zama da aiki a Birtaniya ne, shirin kadet na ƙasa da Emirates ke ɗaukar nauyi na 'yan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ne, haka kamfanoni da dama ke yi. Akwai shekaru, tunda ba a ba da lasisin tuƙin kasuwanci ga wanda bai kai 18 ba. Akwai makin makaranta, wasu da iyakar tsayi, wasu da gwajin iyo. In ba ka cika ɗaya ba, kada ka ɓata ƙarfinka da tunanin za a yi maka sassauci. Nemi shirin da ya dace da kai.

Ka san kuma wane lasisi shirin zai kai ka gare shi, domin za a iya tambayarka, kuma makomarka ce. Hanyar da aka fi sani a tsarin EASA ita ce horon bai-ɗaya na ATPL, wato babban lasisin tuƙin jiragen fasinja: aƙalla awa 750 na karatun aji da awa 195 na horon tuƙi. Jarrabawar aji takarda 13 ce, makin cin kowace kashi 75 cikin ɗari, a gama su cikin wata 18, kuma ba a zama wa takarda ɗaya fiye da sau huɗu. In ka gama kana da lasisin kasuwanci, cikakken ATPL ɗin da zai ba ka damar zama kyaftin sai ka tara awa 1,500 kuma ka kai shekara 21. Ɗaya hanyar ita ce MPL, lasisin mataimakin matuƙi a jirgi mai matuƙa biyu, wadda ICAO, hukumar sufurin sama ta duniya, ta shigo da ita a 2006: aƙalla awa 240, mafi yawansu a na'urar kwaikwayon tuƙi, ana koya maka aiki tare da abokin tuƙi tun da wuri, a kan tsarin kamfani guda. Horo ne mai kyau, amma yana ɗaure ka da wannan kamfanin har ka kammala. Lokacin korona a 2020, da kamfanoni suka dakatar da ɗaukar ma'aikata, ɗaliban MPL da dama sun tsinci kansu a tsakiyar hanya, sai da suka sauya zuwa wani lasisin. Ka duba waɗancan alƙaluma na jarrabawa da kyau, su ne dalilin da ya sa ake tsananta bincike kan ko ka iya zama ka yi karatu da kanka. Sakamakonka na jami'a hujja ce a nan, kada ka bar shi ya lalace saboda ɗokin jirgi.

Yanzu takardar da ka tambaya a kanta. Kusan kowa da jimla ɗaya yake buɗewa: tun ina yaro nake ɗaga kai in kalli jirgi. Ban ce ƙarya ba ce, nima haka na taso. Amma wanda ya karanta ta sau ɗari uku a mako guda ba ya ƙara ganinta. Abin da ke tsayar da ido shi ne hujja. Mai cewa "ni mutum ne mai jajircewa da iya aiki da jama'a" bai faɗi komai ba, kowa zai iya rubuta haka. Mai cewa "na yi wata 14 ina aikin dare a ɗakin ajiyar kaya ina kuma karatu da rana, ban taɓa makara ba, a wata na takwas aka ba ni kula da mutum biyar" ya ba ni abin da zan iya tambaya a kai, in kuma tabbatar. Ba sai abin ya shafi jirgi ba. Jinyar mahaifi tare da karatu, shugabancin ƙungiyar ƙwallo, koyar da yara lissafi, aikin agajin gaggawa, gyaran injin da ka lalata da hannunka ka sake haɗawa, duk suna magana a kan abin da muke nema: ɗaukar nauyi, bin ƙa'ida ba tare da ana tsaye a kanka ba, da natsuwa in abu ya rikice.

Takardar tarihin karatu da aikinka shafi ɗaya ya isa a shekarunka. Kwanan wata su yi daidai da na takardun shaida, kada ka bar watanni a buɗe ba bayani, domin kafin a ba ka katin shiga filin jirgi za a binciki tarihinka na shekarun baya, a tuntuɓi makarantu da wuraren aiki. Ka amsa tambayar da aka yi, cikin adadin kalmomin da aka ƙayyade. In an ce kalma 300, wanda ya rubuta 450 ya riga ya nuna mana yadda zai yi da umarni. Kuskuren rubutu, sunan wani kamfani da aka manta a ciki saboda kwafe, duk ƙanana ne, amma aikinmu na karanta ƙananan lambobi ne daidai. Ka ba mutum biyu su duba maka. Kada dai ka bar wani, mutum ko manhaja, ya rubuta maka, domin ranar ganawa takardar na gabanmu, kuma cikin minti biyar ake gane wanda muryarsa ba ta yi kama da rubutunsa ba.

In da hali, yi darasin gwaji ko na awa ɗaya ne a ƙaramin jirgi. Amfaninsa biyu: ka san ko jikinka da zuciyarka sun karɓi abin, kuma ka sami abin faɗa na gaske. In babu hali, ba laifi. Karanta rahotannin binciken haɗurra da hukumomi ke wallafawa kyauta a intanet, nemi matuƙa ka tambaye su yadda rayuwar take, halarci ranakun da makarantun tuƙi ke buɗe ƙofa ga baƙi. Kada kuma ka yi gaggawar fara jarrabawar ATPL da kanka don ka burge, wasu shirye-shiryen ba sa karɓar wanda ya riga ya fara.

Bayan fom sai jarrabawar baiwa a kwamfuta, kuma nan ne aka fi zubar da mutane. Sunayen da za ka riƙa ji su ne COMPASS, PILAPT, gwaje-gwajen Aon, da na cibiyar DLR a birnin Hambug na Jamus wadda ke tantance wa Lufthansa. Fuskarsu daban, cikinsu kusan ɗaya: lissafin ka, fahimtar injina da fiziks na sakandare, riƙe lambobi a ƙwaƙwalwa, gane inda jirgi ya dosa daga kallon agogunansa, haɗa ido da hannu da ƙafa, sai kuma yin abu biyu ko uku a lokaci guda. Akwai masu cewa wannan baiwa ce, ba a shirya mata. Rabin gaskiya ne. Shiri ba zai ba ka abin da ba ka da shi ba, amma rashin shiri zai ɓoye abin da kake da shi, don kuwa wanda ya ɓata minti biyun farko yana ƙoƙarin gane me ake so ya riga ya yi asara.

Lissafin ba mai zurfi ba ne, sauri da daidaito ake so, ba tare da na'urar lissafi ba. Jirgi na gudun mil 480 a awa, wato mil 8 a minti, saura mil 120: minti 15. Yana shan mai kilo 2,400 a awa, kilo 40 ke nan a minti, jiran minti 25 zai ci kilo 1,000. Kana ƙafa 33,000 za ka sauka: cire sifili uku ka ninka da uku, ka fara gangarowa tun kana nesa da kusan mil 100. Kana dosar titin sauka da gudun mil 140 na teku a awa: ninka da biyar, ka riƙa sauka ƙafa 700 a minti. Kana fuskantar digiri 070 aka ce ka juya baya: 250. Waɗannan su ne lissafin da muke yi kullum a sama, muna magana da hasumiya, hannu na kan wani abin. Minti 20 kowace rana na wata uku ya fi kwana uku ba barci kafin jarrabawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka riƙa yi da agogo a gabanka, wani lokaci da rediyo a kunne ko wani na yi maka tambaya, don ƙwaƙwalwarka ta saba da rarraba hankali. In ka ɓata tambaya, sake ta ka wuce. Da yawa daga gwaje-gwajen nan an gina su ne yadda ba mai gama su ba kuskure, ana kallon abin da kuskuren zai yi wa tambayoyi biyar na gaba.

Akwai kuma tambayoyin halayya, ɗaruruwa, masu maimaita abu ɗaya ta hanyoyi daban. Kada ka zauna kana tunanin amsar da matuƙi na gari zai bayar. An tsara su don kama mai yin haka. Amsa da abin da kake.

Turanci ka ɗauke shi da muhimmanci ko da kana ganin ka iya. Tun 2008 ICAO ta sa sharaɗin matuƙin da ke ƙetare ƙasashe ya kai mataki na 4 cikin 6. Ana auna abu shida: furuci, ginin jimla, yawan kalmomi, gudanar magana, fahimta, da musayar zance, kuma wanda ka fi rauni a ciki shi ne makinka. Ba a neman ka yi magana kamar ɗan Ingila. Ana so a fahimce ka, kai ma ka fahimta, ta rediyo mai ƙara, musamman in abu ya fita daga jimlolin da aka haddace. A Janairun 1990 jirgin Avianca mai lamba 52 ya faɗi kusa da birnin Niyok bayan mai ya ƙare masa, mutum 73 suka rasu. Matuƙan sun faɗa wa jami'an hasumiya mai na ƙarewa, sun nemi a ba su fifiko, amma ba su furta kalmar da ke ayyana halin gaggawa ba, jami'an kuwa ba su gane girman abin ba. Ka riƙa sauraron Turancin mutanen ƙasashe daban-daban, ka ɗauki muryarka kana bayyana wani abu cikin minti biyu, ka saurara, ka gyara.

Aikin rukuni shi ne matakin da masu ƙoƙari suka fi kayar da kansu. Za a haɗa ku shida ko takwas, a ba ku matsala da ɗan lokaci, masu tantancewa na gefe suna rubutu. Don ka gane me suke rubutawa sai ka san tarihin abin. A Maris na 1977 jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titin jirgi a tsibirin Tenerif cikin hazo, mutum 583 suka rasu. Injiniyan ɗaya jirgin ya nuna shakkar ko titin a buɗe yake, kyaftin ya amsa da tabbaci ya ci gaba, ba wanda ya sake magana. A Disambar 1978 jirgin United mai lamba 173 ya yi ta zagaye kusa da birnin Fotlan na Amurka, kyaftin ya duƙufa kan matsalar tayoyi, na kusa da shi sun ga mai na ƙarewa amma ba su faɗa da ƙarfin da zai ji ba, har injina suka mutu, mutum 10 suka rasu. Daga irin waɗannan aka haifi horon aiki tare a ɗakin tuƙi, wanda United ya fara koyarwa a 1981, yau kuma ya zama dole a ko'ina. Ke nan muna gudun mutum iri biyu: wanda ba ya saurare, da wanda ya ga kuskure ya yi shiru.

Na tuna wani rukuni da wani saurayi mai kaifin basira ya gano amsar tun a minti na uku. Daga nan ya riƙa katse kowa, yana maimaita ta da ƙarfi. Amsarsa daidai ce, kuma ba mu ɗauke shi ba. A rukunin akwai wata yarinya da ba ta yi magana da yawa ba. Ta lura akwai wanda bai ce uffan ba, ta kira sunansa ta tambayi abin da ke takardarsa, ashe wani bayani ne da sauran ba su da shi. Da saura minti biyar ta tunatar da su lokaci, ta taƙaita inda aka tsaya. Da aka ƙi ra'ayinta kan wani abu ta faɗi dalilinta sau ɗaya a fili, sannan ta bi shawarar rukuni. Ita nake so a kujerar da ke gefena da ƙarfe uku na dare.

A ganawar baki da baki yawanci za ka sami matuƙi ɗaya da jami'in ɗaukar ma'aikata ɗaya. Tambayoyin na neman labari ne na gaske: ba mu labarin lokacin da ka saɓa da wanda ya girme ka a aiki, lokacin da ka yanke shawara cikin matsi, lokacin da ka karya wata ƙa'ida. Tanadi labarai shida zuwa takwas daga rayuwarka. Kowanne ka san yadda lamarin yake, me ya rataya a wuyanka, me kai ka yi da kanka, me ya biyo baya, me ka canza daga ranar. Masu nema kan ɓuya a bayan "muka yi", mu kuwa "na yi" muke jira. Kada ka haddace su kalma-kalma, haddar takan watse da tambaya ɗaya ta bazata.

Tambayar kuskure ita ce zuciyar ganawar. In aka ce faɗa mana babban kuskurenka, kada ka kawo yabon kai a rigar aibu, irin "matsalata ita ce na cika son aiki ya yi kyau". Kawo kuskure na gaske wanda ya jawo wa wani asara ko wahala, ka faɗi rabonka a ciki ba tare da jingina wa kowa ba, ka faɗi wanda ka sanar da kuma yaushe. Tsaron jiragen sama a kan wannan aka gina shi: matuƙi ya rubuta rahoton kuskurensa da hannunsa ko da ba wanda ya gani, don kada na bayansa ya faɗa ramin. Wanda ba zai iya faɗin kuskuren da ya yi a makaranta ba, yaya zai rubuta cewa ya wuce tsayin da aka ba shi da ƙafa 300?

Za a taɓa fasaha kaɗan: me ke ɗaga jirgi, yaya injin jet ke aiki, me ya sa ake tashi da sauka ana fuskantar iska. In ba ka sani ba, ce ban sani ba, in kana da hanyar yin tunani a kai ka yi shi a bayyane. Ƙirƙirar amsa da ƙarfin hali ya fi rashin sani muni nesa ba kusa ba. Ka san kamfanin: irin jiragensa, inda yake zuwa, abokan gasarsa, inda za a yi horon da tsawonsa. Ka kuma nuna ka san wahalar aikin, tashin asuba da kwanan hanya, rashin halartar hidimomin iyali, gwaji a na'ura duk wata shida har ƙarshen aikinka.

Wasu kamfanoni kan ƙare da saka ka a na'urar kwaikwayon tuƙi. Ba a sa ran ka iya. Za a yi maka bayani, a ba ka lambobi, ka gwada, a gyara maka, ka sake. Abin da ake aunawa shi ne tazarar da ke tsakanin gwajin farko da na uku. Na taɓa zama bayan wani da ya fara da kyau sosai saboda ya saba da wasan tuƙi a kwamfuta, amma duk gyaran da aka yi masa sai ya kawo dalili, ya ƙare yadda ya fara. Wanda ya biyo shi ya fara da tangaɗi, ya haura tsayin da aka ba shi, ya ce da bakinsa "na yi sama da ƙafa 200, ina gyarawa", ya gyara, a zagaye na uku ya zauna daram. Na biyun muka ɗauka.

In Allah ya sa aka ba ka gurbi, kada murna ta hana ka karanta yarjejeniya, kuma ka kai wa lauya ya duba. Kalmar kadet tana rufe abubuwa daban-daban. Wani kamfanin shi ke biyan komai. Wani zai biya ya riƙa cira daga albashinka na shekaru. Wani kai za ka nemo kuɗin, shi alkawarin aiki kawai ya yi, kuma alkawarin da sharaɗi. Ka tambaya a rubuce: in na faɗi wani mataki wa zai ɗauki asarar, in lafiyata ta samu matsala a tsakiya fa, in kamfanin ya fasa ɗauka fa, wa ke biyan horon nau'in jirgin da zan tuƙa, shekara nawa zan yi kafin in iya barin aiki ba tara? Ka nema ta shafin kamfanin na ainihi kaɗai. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi ya sama maka gurbi, ko ya ce yana da hanya a ciki, ɗan damfara ne.

In kuma ba a ɗauke ka ba, ka sani da yawa daga waɗanda nake tuƙi da su yau sai a nema na biyu ko na uku suka shiga. Yawancin kamfanoni kan sa wa'adin jira kafin a sake nema, wasu kuma suna ƙayyade sau nawa za a gwada, don haka kada ka shiga da niyyar gwaji kawai. Ranar da ka fito daga kowane mataki, zauna ka rubuta abin da aka tambaye ka da inda ka ji ka yi rauni tun abin na sabo a kanka, ka nemi bayanin sakamako in suna bayarwa. In ka dawo za a tambaye ka me ka yi tun zuwanka na baya, kuma ana son amsa mai kwanan wata da hujja. Jami'arka kuwa ka ci gaba da ita, kada ka ajiye ta sai shaidar lafiya ta aji na ɗaya da yarjejeniya mai sa hannu suna hannunka, da ranar fara horo a rubuce.